Wa Ke Tsaye A Wurin Idan Aka Miƙa Makulli?

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi dogon rubutu yana neman a rufe ƙungiyoyin da ɗaliban sakandare ke kafawa don jan kunnen junansu a kan tuƙi cikin maye. Sau biyu na karanta rubutun. A karatun farko raina a ɓace yake, sai na ajiye shi har na huce, sannan na sake ɗauka don kada in zalunci mai shi. Ina da ruwa da tsaki a maganar nan, ba zan ɓoye ba. Malamin sakandare ne ni, kuma ni ke kula da irin wannan ƙungiya a makarantar da nake koyarwa.

Ga abin da marubucin, wanda zan kira Malam, ya ce, in na tauye masa wani abu ya yafe mini. Ya ce tsarin kwaikwayo ne daga Amurka, ƙasar da ake sayar da barasa a kowane lungu, ɗan shekara 16 kuma yana da lasisi da mota. Mu kuwa al'ummar Musulmi ce, giya haramun ce a wurinmu, ɗan sakandarenmu ko kuɗin adaidaita sahu da ƙyar yake samu. Ya ce yaro ba ya yi wa yaro tarbiyya, makaho ba ya yi wa makaho jagora, wannan aikin iyaye ne da malamai da hukuma. Ya ce ambaton kayan maye a gaban yara talla ce, wanda bai sani ba za a sa shi ya sani, wanda ya sani kuma za a ƙara masa sha'awa. Ya ce duk wanda ya ce wa yaro kada ka yi tuƙi in ka sha, to a fakaice ya ce masa sha abinka amma ka sauka daga kan babur. Ya ƙara da cewa lokacin da ake ɓatawa a wasan kwaikwayo da taruka da an zuba shi a lissafi da Turanci da sakamakon jarrabawa ya fi haka kyau. Maganin da ya kawo shi ne hukuma ta tsananta kame, iyaye su ɓoye makulli, limamai su dage da huɗuba.

Wannan ba maganar banza ba ce. Na san iyaye da dama masu irin wannan ra'ayi, mutanen kirki, kuma tsoron da ke bayan maganarsu tsoro ne na uba mai kishin ɗansa. Amma kuskure ne, irin kuskuren da ake biyan kuɗinsa da ƙafafu da rayukan 'ya'yan mutane, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Shekarun baya, ranar da 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu suka gama jarrabawar NECO, babura suka taru a bayan katanga kamar yadda aka saba. Yara sun rubuce rigunan juna da biro, ana ihu ana ɗaukar hoto. A cikinsu akwai wani yaro mai sanyin hali, gwanin lissafi, wanda ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Shi ya hau na uku a bayan wani abokinsa da ya afa tiramadol tun da safe, wai don jikinsa ya yi ƙarfi a ɗakin jarrabawa. Ba su yi nisa ba suka afka wa wata tifa da ke tsaye a gefen titi. Mai tuƙin ya rayu da karaya biyu. Na tsakiya ya ƙuƙƙuje. Na bayan kuwa kafin magariba an sallace shi. A wurin zaman makoki wani ɗan ajinsu ya matso kusa da ni a kan tabarma, idonsa jajur, ya ce, “Malam, wallahi duk mun san a cake yake. Na buɗe baki zan ce kada ya hau, sai na ji nauyi, kada a ce na cika tsoro.”

To ina so Malam ya amsa mini. A wannan lokacin da aka murza makulli, ina uban yaron? Yana kasuwa yana neman abin da za a ci. Ina liman? Ina jami'in kiyaye haɗurra? Ni kaina da nake malaminsu ina ofis ina tattara takardu. Waɗanda ke tsaye a wurin yara ne sama da talatin, kowannensu ya ga abin da ke shirin faruwa, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa koya wa abin da zai ce ko abin da zai yi. Duk maganin da Malam ya lissafa yana hannun mutanen da ba sa wurin. Mu kuwa muna magana ne a kan waɗanda suke wurin.

Batun cewa matsalar ba tamu ba ce, shi ne ya fi ba ni mamaki. Malam ya ɗauki maye ya ɗaure shi a jikin kwalbar giya, ya ɗauki tuƙi ya ɗaure shi a jikin mota, da ya duba bai ga kwalba ba bai ga mota ba, sai ya ce lafiya lau. Amma mayen yaranmu a aljihu yake shiga. Tiramadol ne, maganin tari mai kodin ne, wiwi ne, sholisho ne, gadagi ne da ake kurɓa a bakin tasha. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kusan mutum ɗaya cikin bakwai, kuma wannan lissafin ba a sa giya da sigari a ciki ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano. Shin don 'ya'yan Amurkawa aka yi wannan hanin?

Abin hawa kuma ba sai mota ba. Doka ta ce sai ɗan shekara 18 zai karɓi lasisi, amma wane ne a cikinmu bai taɓa aiken ɗan shekara 14 a kan babur ya sayo kalanzir ko ya kai niƙa ba? An hana acaɓa a birnin Kano tun watan Janairun 2013, amma babur na gida yana nan a kowane soro. A ajina akwai yaran da in an tashi makaranta suke karɓar adaidaita sahu daga hannun yayyensu su yi lodin yamma har bayan isha'i. Ranar yawon sallah kowa na gani, goyon uku, goyon huɗu, babu hular kwano. Ranar kai amarya kowa na gani, samari suna juya mota a tsakiyar titi ƙura na tashi, yara na tafi. Wanda ke shakka ya je Asibitin Ƙashi na Dala bayan sallah, ko ya leƙa zauren mai ɗori na unguwarsu, ya tambayi shekarun waɗanda ke kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ba ta cire ƙasar Hausa daga lissafin ba.

Kuma ƙwaya ba ta bukatar ta kayar da mutum kafin ta kashe shi. Kodin yana kawo gyangyaɗi, yana sa hannu ya makara wajen kama birki. Tiramadol yana sa jiri, in an sha da yawa yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga shi yana sa mai shan ya ji kamar babu wanda ya fi shi iya tuƙi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a cikin sakan ɗaya. Jinkirin sakan guda ya isa ya haɗa mutum da tifa. Wannan lissafin ɗalibaina ne suka yi shi da kansu a allo, sannan suka fita fili suka auna mita 17 da igiya, suka sa 'yan aji ɗaya suka tsaya a kan layin. Ban taɓa ganin darasin lissafi ya sa yara sun yi tsit irin na ranar ba.

Gaskiya ne sunan da ya fi shahara a wannan fage daga Amurka ya fito. A 1981, a garin Wayland na jihar Massachusetts, ɗalibai biyu 'yan makaranta ɗaya suka mutu a haɗurra daban-daban masu nasaba da barasa, 'yan kwanaki tsakani. Malaminsu kuma kocinsu, Robert Anastas, ya zauna da sauran ɗaliban suka kafa ƙungiyar SADD ta ɗalibai masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda a 1997 ta faɗaɗa aikinta zuwa duk wata muguwar shawara da matashi kan yanke. Ban ga abin kunya a koyi da malamin da ya binne ɗalibansa ya ce ba zai ƙara ba. Babur ɗin daga waje aka kawo shi, ƙwayar daga waje aka kawo ta, me ya sa sai rigakafin ne za mu tsayar a kan iyaka mu ce baƙo ne?

Bayan haka ma, wa ya gaya wa Malam cewa yaro ya koyar da yaro baƙon abu ne a wurinmu? A tsangaya wa ke biya wa kolo allonsa in malam yana can yana ba manya darasu? Ai titibiri ne da gardi. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta bi kowane ƙauye da ƙafarta ba, jajis ta horar, su kuma suka koma suka karantar da 'yan'uwansu mata, tsarin da muke alfahari da shi da sunan 'Yan Taru. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa tun 1954, ɗalibai ne ke tashin ɗalibai sallar asuba a makarantun kwana, ban taɓa jin wani uba ya ce makaho ne ke jan makaho ba. 'Yan agaji da ke tsare sahu a filin idi, da yawansu ba su fi sa'annin ɗalibaina ba. Mun yarda matashi ya tuna wa matashi alwala, sai in zai tuna masa ransa ne za mu ce bai isa ba?

Abin da Malam bai lura da shi ba shi ne, tasirin aboki a kan aboki ba mu ne muka ƙirƙire shi ba, kuma rufe ƙungiya ba zai kashe shi ba. Hausawa sun daɗe da sanin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masana ma sun auna abin. Laurence Steinberg na jami'ar Temple a Amurka, shi da abokiyar aikinsa, sun wallafa wani gwaji a 2005 inda aka sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu kuma abokansu na kallo. Manya ba su canja tuƙinsu ba. Matasa kuwa da zarar abokai sun zuba ido sai kasadar da suke yi ta ninka.  Don irin wannan dalilin jihohi da yawa na Amurka suka taƙaita yawan sa'annin da sabon direba matashi zai ɗauka a mota. Ke nan idon aboki yana aiki a kan yaronka ko ka so ko ka ƙi. Tambayar kawai ita ce, wane ɓangare wannan idon zai tura shi? In muka janye hannunmu, ba filin banza muka bari ba, mun bar wa mai zuga ne shi kaɗai.

Shi kuma maganin da Malam ya fi amincewa da shi, wato babba ya tsaya a gaban yara ya tsorata su, an gwada shi da kuɗi masu yawa. Shirin DARE da aka fara a Los Angeles a 1983, 'yan sanda ne cikin kaki suke shiga aji suna gargaɗi a kan ƙwaya, ya bazu a faɗin Amurka, amma da aka bi sawun yaran shekaru bayan haka sai aka ga bambancinsu da waɗanda ba a yi wa ba bai taka kara ya karya ba. A ɗaya gefen, a Ingila da Wales an yi wani gwaji a makarantu 59, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2008. An tambayi 'yan shekara 12 da 13 su faɗi waɗanda suke jin maganarsu a aji, aka ɗauki waɗannan aka horar da su, aka sake su su yi hira da abokansu a kan sigari a duk inda hira ta kama, ba a kan mumbari ba. Sakamakon ya nuna raguwar fara shan sigari da kusan kashi 22 cikin ɗari.

A nan zan ba Malam abin da yake nasa. Wannan gwajin a kan sigari aka yi shi, ba a kan tuƙi ba, kuma masu bitar bincike a Amurka sun taɓa cewa hujjar da ke nuna ƙungiyar ɗalibai ita kaɗai tana rage haɗari ba ta yi ƙarfin da za a yanke hukunci da ita ba. Na kuma ga ƙungiyoyin da ba su da amfanin komai, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da baƙo zai zo, a sa wa yara riguna masu ƙyalli, su yi fareti, a ɗauki hoto, a mayar da rigunan sito. In irin waɗannan Malam ya gani, fushinsa yana kan hanya. Amma ba a rushe rijiya don an samu guga mai yoyo.

Ga abin da muke yi a tamu. Ba ni nake zaɓen 'yan ƙungiya ba, 'yan aji ne ke rubuta sunan wanda suke jin maganarsa a ƙaramar takarda. Sau da yawa sunayen da ke fitowa ba na masu ɗaukar na ɗaya ba ne, na 'yan bencin baya ne, masu taurin kai, waɗanda in sun ce a tashi ake tashi. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na gane cewa monita mai ladabi ba shi ake saurare a bayan katanga ba. Muna koya musu alamomin wanda ya sha: jan ido, nauyin harshe, yawan susa, surutun da ba a saba jin sa da shi ba. Muna sa su maimaita kalmomin da za su faɗa har bakinsu ya saba, domin abin da ya kashe yaron nan na NECO ba jahilci ba ne, nauyin baki ne. Sun gano da kansu cewa mutum ɗaya in ya ce kada ka hau dariya za a yi masa, amma in uku suka ce tare magana ta zauna. Wani ɗan bakanike a cikinsu ya nuna musu yadda ake zare kan fulogi babur ya ƙi tashi ba tare da an yi faɗa ba. Suna da ɗan asusu na kuɗin mota, don wanda ya ƙi hawa kada ya rasa na komawa gida. Sun haddace 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Sun san ba a fizgar wanda ya faɗi a ɗaga shi kamar buhu, ba a kuma ɗura wa sumamme ruwa.

A cikin wannan duka ina tallar take? Malam yana tsoron kada mu sanar da yara sunayen ƙwayoyi. Wallahi su suka sanar da ni. Ranar farko da na ce su faɗi abin da ake sha a unguwanninsu, sunayen da suka jero rabinsu ban taɓa ji ba, har da farashi da lungun da ake sayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ƙwayar ke yi wa hannun da ke riƙe da birki, domin mai sayarwa ba zai gaya musu ba, mu kuma mun yi shiru don kunya. Duk da haka muna da iyaka. Ba ma kawo ƙwaya a nuna, ba ma faɗin adadin da ake sha, ba ma gayyatar tsohon mashayi ya zo ya ba da labarin da zai fito kamar na jarumta.

Hujjar Malam mafi nauyi ita ce ta cewa muna halatta shan a fakaice, kuma ita ce ta fi hana ni barci. Ba shi ya fara kawo ta ba. Ita SADD ɗin ma an yi mata wannan suka a kan takardar alƙawarin da ta fito da ita tsakanin yaro da iyayensa, inda yaro zai yi alƙawarin kiran gida in ya tsinci kansa a inda direba ya sha, iyaye kuma su yi alƙawarin zuwa ɗaukar sa su jinkirta faɗa sai an natsu. Sukar ta sa daga baya ƙungiyar ta fito fili ta ce matsayinta shi ne kada matashi ya sha ko kaɗan. Mu ma matsayinmu ke nan, kuma namu ya fi nasu tushe, domin addininmu ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, kwalba ne ko ƙwaya. Da wannan muke buɗe kowane zama.

Amma bayan mun faɗi haramcin, sai mu naɗe hannu? Yaron da muka binne bai sha komai ba. Me huɗubar haramcin ƙwaya za ta ƙara masa, shi da ya riga ya kiyaye? Abin da yake bukata shi ne ƙarfin halin cewa ba zan hau ba, da aboki ɗaya da zai ce ni ma haka. Yarinya mai tallar gyaɗa a bakin titi ba ta sha komai ba. Tsohon da ke tsallakawa zuwa masallaci bai sha komai ba. Shi kansa mai shan, in aka karɓe makullin ya kwana da ransa, gobe akwai damar a yi masa nasiha, a kai shi asibiti, ya tuba ya zama mutum. Wanda aka kai makwanci wace nasiha ta rage masa? Wanda ya cire wuƙa daga hannun mai maye ba ya ce masa mayen halal ne ba. Kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don ta tsare, kamar yadda kare hankali yake ciki, kuma ban san malamin da ya ce a saki ɗaya don a nuna kishin ɗayan ba.

Mun ɗauki alƙawarin nan na SADD mun gyara shi daidai da gidajenmu, muka karanta shi a taron iyaye da malamai. Wani dattijo ya miƙe a fusace ya ce shi ba zai sa hannu a takardar da za ta hana shi dukan ɗansa ba. Na ce masa, “Baba, ba a hana ka ba. Cewa aka yi ka bari sai gari ya waye, yana gabanka da ransa.” Ya zauna bai ce komai ba, kuma ranar bai sa hannu ba. Bayan wata biyu 'yarsa, ɗalibarmu, ta je kai amarya. Da aka zo komawa sai ta ga direban motar da aka ce ta shiga yana magana harshe na harɗewa. Ta ƙi shiga, ƙawayenta biyu suka tsaya tare da ita, ta ari waya ta kira gida ƙarfe goma na dare. Uban da kansa ya zo a kan babur, ya tsayar musu da adaidaita sahu, ya bi su a baya har ƙofar gida. Motar ta isa lafiya a wannan daren, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Amma da sassafe ya zo makaranta ya ce in ba shi takardar.

Maganar ɓata lokaci ba za ta ɗauke ni nisa ba. Minti arba'in ne a mako, ranar Laraba bayan an tashi. Gwanin lissafin da muka rasa sakamakonsa ya fito da kyau, mahaifiyarsa ce ta zo ta karɓa.

Kame kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A Amurka ma ba ƙungiyoyi kaɗai suka yi aikin ba, dokar 1984 da ta sa jihohi suka mayar da shekarun sayen barasa 21 ta taka rawa babba. Ina so hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta rufe duk kemis ɗin da ke sayar wa yara tiramadol, ina so a hukunta uban da ya ba ɗan shekara 13 mota. Amma na'urar da ake hura wa iska a bakin titi barasa take ganewa, ba ta ganin tiramadol, ba ta ganin kodin. Jami'an FRSC, tun kafa hukumar a 1988, a manyan hanyoyi suka fi tsayawa, ba za su taɓa isa su tsare kowane lungu da kowane gidan biki ba. Su da kansu sun san haka, shi ya sa suke kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu, ita ma NDLEA take kafa nata a ƙarƙashin shirin yaƙi da shaye-shaye na WADA da ta ƙaddamar a 2021. Hukumomin da Malam yake so a bar wa aikin su ne suke roƙon a ba su yaran su taya su. Uba kuma ya ɓoye makullinsa, madalla, amma babur ɗin da ɗansa zai hau na gidan wani ne.

Matsayina bai canja ba. Iyaye su yi nasu, limamai su yi nasu, hukuma ta yi nata, babu wanda na ce a sallama. Amma a ƙara da wanda aka daɗe ana mantawa da shi, wato abokin da ke tsaye a gefen babur, a koya masa ya gane, a koya masa ya yi magana, a kuma tsaya masa in ya yi. Kowace sakandare, ta maza da ta mata, ta gwamnati da ta kuɗi da Islamiyya, ta samu irin wannan ƙungiya, ɗalibai su ja ta, babba mai hankali ya tsaya a bayansu. Waɗanda suka zama na fareti a gyara su, kada a rufe.

Yanzu haka yaran suna shirin ranar gama jarrabawar bana. Sun raba kansu uku-uku, wasu a babbar ƙofa, wasu a bayan katanga inda babura ke taruwa. Suna kuma haɗa ɗan wasan da za su nuna a taron iyaye, na yaron da ya kira gida da dare, sai dai har yanzu ba su samu wanda zai fito a uba ba, domin duk wanda ya gwada a cikinsu muryarsa ba ta kai ba. Dattijo suke nema. Ina gayyatar Malam da zuciya ɗaya ya zo ranar Laraba ƙarfe biyu, ya zauna a bencin baya ya saurare su, in ya ga abin gyara ya faɗa a gabansu, in kuma ya yarda ya karɓi wannan matsayin.